Ranar da Inna Ta Ɗaure Ni a Buhu a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ban huta ba. Duk wadda ta shigo gidanmu, kafin ta cire takalmi sai ta ce, "Hindatu, ba mu labari." Na ba da shi ya fi sau goma, har na fara tsallake wurare, sai wata ta kama ni ta ce ba haka na gaya wa wance ba. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Kuma tun yanzu ku sani, ban hau raƙumi ba, dalar Fir'auna ma daga tagar mota na hango ta.

Kakata ta wajen uba, Inna Dije, na raka. Idonta na dama ya rufe, na hagu yana shirin bin sa, Kawu, ƙanen babana, ya ce a gwada likitocin Masar. Ni aka zaɓa domin na gama sakandare ina zaune, kuma in ji Kawu, bakina ba ya mutuwa.

Akwai dalili na biyu, wanda kowa a gidan ya sani amma ba mai faɗa a gaban Inna. Tana da ƙane, Tanko, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana saurayi ya bi masu zuwa Makka ta ƙasa, ya maƙale a Sudan. Bayan wasu shekaru wani mutumin garinmu ya dawo daga hajji ya ce ya ga Tanko da idonsa a wani filin wasa: an sa shi a buhu an ɗaure, an jefa a akwati an kulle, an naɗe da igiya, sai ga shi ya ɓullo ta bayan 'yan kallo yana dariya. Gari ya ɗauka Tanko ya shiga tsafi, aljanu ke fitar da shi. Mahaifinsu malami ne, ya ce ba shi ba Tanko, kuma a kan haka ya rasu. Inna ta riƙe maganar ubanta fiye da shekara hamsin. Bara 'yar Tanko, Su'ad, ta nemo lambar Kawu, ta ce mahaifinta yana Alƙahira, ƙafa ta fara gazawa, kullum zancensa Yaya Dije. Inna ta ce ita ido za ta je gyarawa. Idan ya tuba a gabanta, ƙanenta ne. Idan bai tuba ba, za ta dawo yadda ta tafi, ba ta da ƙane.

Daga Haɗeja muka taso a motar Kawu. Kafin Gujungu taya ta yi faci, muka tsaya a gindin wata maina, Inna tana cewa alama ce a koma gida, ni ina cewa ƙusa ce. A filin jirgin Kano jakarta ta wuce nauyi. Na buɗe na tarar da garin tuwo, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, da muciya. Muciyar na ba Kawu ya koma da ita, Inna ba ta yi min magana ba har muka hau. A cikin jirgi ma'aikaciya ta zo za ta ɗaura mata bel, ta ce ita ba akuya ba ce. Na ɗaura mata na rufe da gyale.

Da hantsi muka sauka. Jami'in da ke duba fasfo ya yi min tambaya, na gyara murya na amsa da Larabcin Islamiyya, har da wasulan ƙarshe. Ya kira abokinsa ya ce in sake. Daga baya na gane wai kamar mai huɗubar Juma'a nake magana. Mai duba kaya kuma ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya tambaya ko magani ne. Na ce abinci ne. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ma'alish," kamar mai ta'aziyya, ya ɗaure mana abinmu.

Su'ad ce ta tarbe mu. Za ta kai arba'in, ta naɗe da lafaya irin ta matan Sudan, Hausarta irin ta tsofaffi ce, ga Larabci yana faɗowa ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Gwaggo, sannu da hanya." Inna ta lalubo fuskarta, ta shafa goshin, ta ce, "Goshin gidanmu ne." Sai ta janye hannu kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

A unguwar Madinat Nasr aka kama mana ɗaki, hawa na biyar, kusa da asibiti. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hayaniya. Mutum biyu suna ɗaga murya, hannu har hancin juna, ina jiran a kwashe wani a ƙasa, sai in ga sun sumbaci juna a kumatu sun rabu. Mata ba sa saukowa sayen kayan miya, kwando suke zurowa da igiya daga bene mai shago ya zuba musu. Wannan kam na so a ce muna da shi. Tsallaka titi kuwa, Su'ad ta koya min dabara: ki nemi Bamisire ki tsaya ta bayansa, in ya shiga ki shiga, in mota za ta ɗauka shi za ta fara ɗauka.

Abincinsu burodi ne, da safe burodi da dafaffen wake, da rana burodi da wani abu. Akwai wanda suke kira koshari, shinkafa da taliya da makaroni da wake iri biyu a kwano ɗaya, kamar an share kicin. Ni na ci. Inna ta ce sai tuwo. Ranar da na kaɗa miyar kuka, maƙwabciyarmu ta buga ƙofa da hannu a hanci, tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a bututu. Na zuba mata a kwano. Ta dawo da kwanon a wanke da lemo uku a ciki, ban tambaye ta inda miyar ta tafi ba.

Aikin ido ya yi kyau, aka rufe shi da auduga. Kwana uku bayan haka muka je unguwar Ard al-Liwa, inda Baba Tanko yake. Ƙaramar bas muka hau, sannan keke mai ƙafa uku irin namu, cikin lunguna da gidaje dogaye na jan bulo har rana ba ta sauka ƙasa. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango. Gajere ne, siriri, cikin farar jallabiya, yatsunsa dogaye kamar ba nasa ba.

"Yaya," ya ce.

"Tanko."

Suka zauna suka gaisa doguwar gaisuwa, kai ka ce makon jiya suka rabu. Su'ad ta kawo zoɓo mai sanyi, Inna ba ta ko dube shi ba.

"Ban zo hira ba," in ji Inna. "Ka bar abin nan?"

"Na bari da daɗewa. Gwiwa ta hana."

"Gwiwa ta hana, ba tsoron Allah ba."

"Yaya, ko kaza ban taɓa yanka wa wani abu ba. Sana'a ce, kamar saƙa."

"To gaya min yadda kake fita."

Ya sunkuyar da kai. "Na yi rantsuwa, da Alƙur'ani a hannuna."

"To ka tuba."

"In na ce na tuba, na ce abin da aka faɗa a kaina gaskiya ne ke nan. Ba zan mutu da ƙarya a bakina ba."

Inna ta ce, "Hindatu, miƙo min takalmina."

Saura kwana biyar mu koma. Ni abin ya ishe ni. Tsofaffi biyu, kowanne ƙafa ɗaya a kabari, sun ratsa hamada sun haɗu, sun rabu a kan minti goma. Washegari na roƙi Su'ad ta zauna da Inna, na kama hanya ni kaɗai. Na shiga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, taragon mata, na wuce tashata da biyu, wata tsohuwa ta riƙe min hannu ta mayar da ni tana ta faɗa kamar ita ta haife ni.

Ina shiga na ce, "Tsoho, kai da yayarka kun gajiyar da ni."

"Amarya, haka ake gaishe da miji a garinku yanzu?"

"Mijin da ba ya iya hawa bene? Nuna min akwatin."

Ya nuna min cewa yana iyawa, sai dai mun yi kusan rabin awa kafin mu kai rufin gidan. Can akwai kejin tantabaru da igiyar shanya, da wani ɗan ɗaki na langa-langa. Ya buɗe.

Akwatin katako ne, kusurwoyinsa na ƙarfe, koren fentinsa ya koɗe. Tsawonsa bai kai in miƙe a ciki ba. A kansa akwai buhu mai kauri da faci uku, da kwaɗo huɗu, ya ce da shida ne, da ankwa da tsatsa ta cinye har ba ta buɗuwa. A gefe ga wani tulun ƙarfe da ya kai min ƙirji, mai murfi. Na leƙa, dawar tantabarun Su'ad ce a ciki.

Ya zauna a kan bokiti ya ba ni tarihi. A Sudan dako yake yi, sai ya ɗauki kayan wasu masu wasan dabo, shugabansu Bamisire. Shi kuma Bamisiren a Iskandariya ya sami akwatin, wajen wani tsohon Bature mutumin Girka, wanda ya yi wasan a manyan ɗakunan kallo lokacin da masu shiga sai da kwat. Da silima ta zo wasan ya sauko tanti, ana bin garuruwa lokacin maulidi. Da talabijin ta shiga gidaje, tantin ma ya mutu. Maigidan ya zaɓe shi ne saboda siriri ne kuma yana iya riƙe numfashi. Da su ya shigo Masar, gari gari a bakin Nilu. Da maigidan ya rasu 'ya'yansa suka raba tanti da kujeru, ba wanda ya so akwati.

"Tulun fa?"

"Ruwa ake cika shi, in shiga, a kulle. Wata rana murfi ya cije, sai da gatari. Tun ranar kunnen nan na hagu ya yi ritaya, ni ma na bar tulu." Ya ce labulen wasan kuwa tuni aka yi rigar katifa da shi, kuma duk safiya in masu sayen tsofaffin kaya suka wuce suna kira, Su'ad sai ta dubi rufi ta dube shi.

Na ce ya maimaita min rantsuwar yadda ya yi ta. Ya ce ba zai gaya wa kowa sirrin akwati ba sai wanda zai shiga cikinsa, shi ma sai ya rantse. Haka ake yi tun daga Baturen, mai ɗaure ka ma ba ya sani.

"To ni zan shiga."

Ya dube ni sama da ƙasa kamar mai taya rago. "Jikin ya yi. Haƙurin ne ban gani ba."

Na yi alwala na rantse. Kwana biyu ina zuwa. Sai da muka zuba wa wasu wurare man keken ɗinki, ba zan ce ina ba. Shi yana zaune yana buga akwatin da sanda yana ƙirga, ni ina ciki ina zagin Baturen Girka. Gwiwar hannuna duk ta kwaile. Rana ta biyu na fita sau uku a jere, ya ce, "Tamam. Da a tanti ne da an jefe ki da bawon kankana, amma tamam."

Ban iya kewaye-kewaye ba, na gaya wa Inna kai tsaye. Ta daɗe tana salati, sannan ta ce, "Ya shafa miki ke nan."

"Inna, aljani yana tsayawa inda aka karanta Ayatul Kursiyyu?"

"Ba ya tsayawa."

"To ki karanta. Ke za ki ɗaure, ke za ki kulle, makulli a hannunki. In na fito, ki gaya min wa ya fitar da ni."

Washegari likita ya cire audugar. Ta ga fuskata ta ce ashe na fi yadda take zato baƙi. Ta yini tana karanta duk abin da ke da rubutu. Ana gobe za mu tashi, bayan azahar, ta ce, "Kira 'yar Tanko."

Benen su Baba Tanko ba na'urar hawa, sai ƙafa. A hawa na huɗu numfashi ya ƙare wa Inna da Baba Tanko, suka zauna a matakala ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gabansa.

A rufi Inna ta yi wa akwatin binciken da ko jami'in filin jirgi bai yi mana ba. Ta ƙwanƙwasa ko'ina, ta sa kai ciki ta shinshina, ta juye buhun tana neman laya. Ta laluba wuyana da ƙuguna da cikin kitsona. Sannan ta karanta, ta tofa a kusurwa huɗu, ta tofa a buhu, ta tofa min, ta juya ta tofa wa Baba Tanko. Ya shafa a fuska ya ce amin. Ta ƙi kwaɗonsa, ta ciro na jakarmu. Ta ƙi igiyarsa, ta sa Su'ad ta kwance ta shanya.

Na shiga buhu. Inna ta tattara bakinsa a saman kaina ta yi masa irin ƙullin da take yi wa buhun gero in za a kai kasuwar nesa. Tun a nan na san akwai matsala. Suka taimaka na kwanta a akwati, murfi ya rufe, na ji kwaɗo, na ji igiya tana zagayawa. Su'ad ta rataya zanen gado a matsayin labule.

Abin da zan iya faɗa ba tare da na karya rantsuwa ba shi ne, akwai ɗan wuri da mai shiga yake bukata, kuma Inna ta cinye shi da ƙullinta. Ga duhu, ga zafi, ga warin tsohon mai. Na gwada yadda aka koya min, hannuna bai kai ba. Na sake, bai kai ba. Ina jin su a waje sarai.

"Ta daɗe," in ji Inna.

"Ƙullinki ne, Yaya. Ƙarti sun ɗaure ni a garuruwa da yawa, ba wanda ya yi irinsa."

Na ji Inna ta matso kusa da akwatin.

"Tanko, yarinyar nan amana ce."

"Makulli yana hannunki. Buɗe ta. Jikarki ta fi sunana."

Na ji ƙarar makulli yana neman kwaɗo. Na san in ta buɗe, magana ta ƙare, gobe mu hau jirgi, su biyun kuma ba za su sake ganin juna ba. Na ɗaga murya iya ƙarfina daga cikin buhu na ce, "Kada wanda ya taɓa akwatin nan."

"Kin ji ta," in ji shi.

"Na ji. Tun tana goye haka take."

Na kwanta na daina kokawa. Na fitar da numfashi duka kamar yadda ya ce yana yi a tulu, na lanƙwasa kafaɗa har na ji ta yi ƙara, na tura yatsa. Farcena ya tsage, amma ya kai.

Ban ɓullo ta bayan kowa ina dariya ba. Da rarrafe na zagayo zanen gadon, ba ɗankwali, jiƙe da gumi, jini yana bin yatsana, ina tari.

Inna ba ta ce min sannu ba. Ta wuce ni ta je ga akwatin. Igiya tana nan yadda ta naɗa. Ta kwance, ta buɗe kwaɗonta da makullinta, ta ɗago buhun. Ƙullinta yana nan, ba kowa a ciki. Ta juya shi, ta kai shi kusa da sabon idon. Sannan ta dawo ta kama hannuna, ta dubi farcen, ta dubi gwiwar hannun da ta kwaile, ta shafa gumin wuyana da yatsa.

"Wanda aljani ya ɗauka ba ya fitowa haka," ta ce. "Wannan wahala ce."

"Ita na ci shekara talatin, Yaya."

Ta rufe akwatin ta zauna a kai. Na buɗe baki zan ce wani abu, Su'ad ta taka min ƙafa.

"Ka aiko wasiƙa," in ji Inna. "Sau biyu."

"Sun iso ashe."

"Sun iso. Baba ya ce a sa a wuta. Shi ya faɗa, amma hannuna ne ya sa. Ban buɗe ba." Ta gyara zama. "Me ka rubuta?"

"Ba wani abu ba ne. Gaisuwa ce."

"Faɗa min."

Ya jawo bokitinsa ya zauna a gabanta, ya juyo mata da kunnen da ke ji. Ya rufe ido, ya fara da muryar mai karanta ajami, a hankali. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yana sanar da Baba yana nan lafiya, ya sami sana'a, ba ya barin salla. Yana tambaya ko an gyara rijiyar tsakar gida.

"An gyara," in ji Inna. "Ta sake rushewa, aka cike ta."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya sake rufewa. Yana tambaya ko tarin Iya ya yi sauƙi.

"Bai yi ba. Damina biyu ta ƙara."

Ya motsa leɓe yana addu'a. Sannan ya ci gaba. Yana gaida Yaya Dije, ya ji an kai ta ɗaki, yana tambaya ko ta sauka lafiya, mace ko namiji.

"Namiji," in ji Inna. "Uban wannan mara kunyar. Ci gaba, ina ji."